Shida a Gida

Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Baba ya rasu, shanun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ni kuma dama kaina ba ya ɗaukar lissafi. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka likita ne ke ba da labari. Ko allura ba a taɓa yarda na yi wa kowa ba. Aikina in hau babur in bi ƙauyuka ina tambaya: wa ke ciwo a gidan nan, wane irin ciwo, tun yaushe, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba. In rubuta, in kawo ofis a Birnin Kudu. Wani shiri ne na lafiya, ba sai na kama sunansa ba. A can akwai masu kwamfuta. Su ke zuba abin da na kawo, ya fito musu da taswira mai ja da kore, su ɗauka su tafi taro, a tafa musu, a ƙara musu girma. Yara da yawa sun zo sun same ni a kan babur ɗin nan, sun wuce sun bar ni a kansa. Akwai wanda ni na koya masa yadda ake sallama a ƙofar gidan mutane, yanzu sai an yi maka iso kafin ka gan shi. Da abin yana ci mini rai. Yanzu ko cin ma ya daina.

Mu mutanen Dingaya ne, ta ƙasar Gwaram. Asalinmu Fulani, amma Fulatancin ya tafi tun zamanin kakanni, ya bar mana kunyar. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa, in an tambaye ka 'ya'yanka ba ka sa shi a lissafi. Ranar da aka yaye shi, kakarsa ta goya shi ta tafi da shi, ya zama nata. Haka aka yi wa babban wana, haka aka yi wa babanmu. Ba ƙiyayya ba ce. Wanda bai tashi a ciki ba, ko ka kwana kana yi masa bayani ba zai gane ba.

Ta fari a wurina mace ce. Aka yaye ta, Inna, wato mahaifiyata, ta tafi da ita Dingaya, ni ina Birnin Kudu da uwarta. A can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce mini Yaya, ita ma ta kama ce mini Yaya. Bayanta aka haifi shida. Duk abin da uba ke yi na yi mata, amma ta hannun Inna. In ina da magana da ita, sai in fuskanci Inna, ita tana zaune a gefen tabarma, in ce, "Inna, a gaya wa yarinyar nan ta dage da karatu." Inna ta juya ta ce, "Kin dai ji." Ta ce, "Na ji, Inna."

Ta kuwa dage. Ba irin kaina ta ɗauko ba. Ta yi jami'a, ta karanci lafiyar al'umma, ta ƙara da wannan aikin na masu kwamfuta, na bin diddigin yadda cuta ke yawo. Wata rana na dawo daga ƙauye, na shiga ofis zan ajiye takardu, sai ga ta a kan kujerar da ke kusa da taga. An ɗauke ta aikin wucin gadi. Oganmu ya ce, "Dattijo, zo ka gaida sabuwar Malama. Daga yau hannunta za ka riƙa kai kayanka."

Na ce, "Sannu da zuwa, Malama."

Ta ce, "Yauwa, sannu da aiki."

Ba wanda ya san komai a ofis. Sunana da ke bayan nata, rabin mazan garin nan shi ne sunansu. Ban faɗa ba, ba ta faɗa ba. Kullum in ajiye takardu a gefen teburinta in fita. In akwai gyara, ta sa jan biro ta mayar mini. Gyaran yana da yawa.

Ana cikin haka na je Dingaya wata Juma'a gaida Inna. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yarinyar nan ta zo. An ba ta wuri biyu. Ɗaya nan inda kuke, su tabbatar da ita. Ɗaya Abuja, daga can ma wai har waje. Kafin ruwa ya sauka za ta ba su amsa."

Na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

"Amin. Ta ce in kai ka ce ta zauna, za ta zauna."

"To a gaya mata ta zauna."

Inna ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Ta ce ba ta bakina ba. Da bakinka, ka kira ta, ka faɗa mata."

"Inna, yau kuma? Wa ya koya mini?"

"Ni na koya maka. Ni ma koya mini aka yi. Saƙo aka ba ni, na isar. In ka ga dama ka ci gaba da tsayuwa kamar turken jaki."

Ina so ta zauna. Wannan ba na ɓoye shi. Inna ta tsufa, uwar yarinyar ba ta taɓa samun zama da ita ba sai a 'yan watannin nan, ni kuma na saba da shigowa ofis in ga mayafinta a jikin kujera. Na ce a raina da sauran lokaci, ruwa bai ko haɗa hadari ba.

Bazarar nan ƙyanda ta shigo. Ta fara da Kangire, ta tsallaka Surko. Abin da ya ɗaure wa mutanen ofis kai shi ne, a taswirarsu wuraren nan kore ne shar, wato an gama yi wa yaran rigakafi. Ga shi kuma kullum ana kawo yara ido ja, jiki duk ƙuraje. Oga ya ce ko maganin ne ya lalace a hanya saboda zafi. Wani ya ce masu allura ne suka zauna a gindin bishiya suka cike takarda. Aka kalle mu, mu 'yan babur. Kullum mu ake kallo.

Malama kuwa ta duƙufa. Kwana da kwanaki tana gaban kwamfuta, ko abinci sai a kan teburin. Rannan da safe ta ce wa Oga yaran da ke kwanciya da yawansu ba sa cikin jerin yaran da aka ƙirga gida-gida tun farko, kamar daga baya aka sauke su a garin. Tana so ta je ta gani da idonta. Motar ofis tana gareji. Oga ya ce, "Dattijo, kai Malama Surko. Ka bi a hankali, ba buhun gero ka ɗauko ba."

Ta hau, ta sa jakar kwamfutarta a tsakaninmu. Rabona da in ɗauke ta tun tana cikin zani, shi ma a ɗaki, ba mai gani.

A Surko ni ba na wuce zaure. Namiji ne ni, daga nan nake ɗaga murya, a amsa mini daga ciki, ko maigida ya fito. Ita ta shige kai tsaye. Dangar kara ce, ana jin komai. Bayan gaisuwa ta tambayi matar gidan, wata yarinya ce ƙarama da goyo, "'Ya'yanki nawa?"

"Biyu."

Wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi ta kwashe da dariya. "Ke, ji ta! Wadda ke gidan tsohuwa fa? Daga bishiya ta faɗo?"

Matar gidan ta ce wa maƙwabciyar, "Kai, Yaya, don Allah bari mana."

"In bari me? Ba ni na riƙe ki ranar ba, kina ihu kina kiran uwarki?"

"Wannan ai ta Gwaggo ce."

"Ta Gwaggo! Gwaggon da haƙori biyu suka rage mata!"

Matan suka yi ta dariya. Muryar Malama kaɗai ban ji ba. Can ta ce, "A nuna mini gidan Gwaggon."

Na san gidan. Ni na zo shi lokacin ƙirga. Na tsaya a ƙofa na ce, "Iya, kina da ƙananan yara?" Ta ce, "Ni? Rabona da haihuwa tun kana tsumman goyo." Na sa alli na yi wa ƙofar alamar babu yara, masu allura suka zo suka gani suka wuce. Alamar tana nan, rana ba ta gama cinye ta ba. Malama ta tsaya ta kalle ta, ta shiga. Ta fito da yarinya a kafaɗa, 'yar shekara uku ko huɗu, idonta ya manne da kwantsa, numfashi sama-sama. Tsohuwar tana biye tana cewa, "Ai ba a fitar da mai wannan ciwon iska, 'yar nan." Malama ta ce, "Iya, ɗauko mayafinki." Muka samo mai mota ya kai su asibiti.

Gida uku muka ƙara shiga, labarin ɗaya. A gidan uwa ba a ƙirga shi saboda kunya. A gidan kaka ba a ƙirga shi saboda ba ita ta haifa ba. Ba wanda ya yi ƙarya.

A hanyar dawowa, daga bayana ta ce, "Yaya."

Ofis ko hanya, ba ta taɓa kirana haka ba tun da ta fara aiki. Na ce, "Na'am."

"Ka san da wannan?"

"Wa bai sani ba?"

"Me ya sa ba ka taɓa rubutawa ba?"

"An ce in rubuta abin da aka faɗa. Uwa ta ce biyu, ni ne zan ce mata uku? A ƙofar mijinta?"

"Ba laifi nake ba ka ba."

"Ko kin ba ni, ba ke kika fara ba."

Can ta ce, "Ni ma sai da na ji da kunnena. Ni da ya kamata in fi kowa sani."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma na san don ba ma kallon juna ne. Ni ina kallon hanya, ita tana kallon bayana. Iska tana kaɗawa, ba kowa sai gonaki an share ana jiran ruwa. Na ce a raina, yanzu ne. Kalma ɗaya ce, sunanta, sai "ki zauna". Na buɗe baki. Sai ga garken awaki sun tsallako titi, na taka burki, na zagi mai awakin. Da muka wuce su, abin ya riga ya koma ciki.

Yarinyar Surko ta tashi. Wata a Kangire ba ta tashi ba.

Malama ta koma kan kwamfuta ta raba yaran da suka kamu gida biyu, waɗanda ke hannun iyayensu da waɗanda ke hannun kakanni. Ni ban iya karanta irin zanen nan ba, amma ko makaho ya shafa zai ji gefe ɗaya ya fi tudu. Oga ya yi ta buga waya yana cewa "mun gano", "mun lura". Aka sake fita rigakafi, wannan karon har gidajen tsofaffi. Ita kuma ta sake tsara tambayoyin. Ba za a ƙara tsayawa a "'ya'yanki nawa" ba. Za a bi da, "Akwai wanda ake riƙo a wani gida?" A gidan tsohuwa kuma a ce, "Wa ke kwana a ɗakinki?" Ta san ba za ka sa uwa ta ce nata ne ba, sai ta bar mata hanyar da za ta nuna shi ba tare da ta faɗa ba. Na yarda, dabara ce mai kyau.

Aka tara mu 'yan babur da masu allura a ɗakin taro don a koya mana. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin, zafi kamar a tukunya, fanka ba wuta. Oga ya ce a gwada a gani. "Malama za ta zama mai tambaya. Wa zai zama maigida? Dattijo, taso. Kai ka fi kowa iya gardama."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "A ba shi carbi da buta, ya cika maigida." Wani ya ce, "Malama, ki yi hankali, wannan ko kaza ba ya bari a ƙirga masa."

Aka ajiye mini kujera a gaba. Ta tsaya da waya a hannu, don yanzu a waya ake cikewa. Ta yi sallama, na amsa. Ta ce, "Malam, mun zo ne kan lafiyar yara."

Na ce, "Bara ma kun zo. Me muka samu?"

Ɗaki ya ɗauka. Oga yana tafi yana cewa, "Kun gani? Haka suke yi!"

Ta bari dariyar ta lafa. Ta ce, "Malam, 'ya'yanka nawa?"

Ba wayar take kallo ba. Ni take kallo, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ga ba wasan Oga muke yi ba. Na kalli ƙasa. Akwai wata tsaga a simintin, tururuwa na bi.

Na ce, "Shida."

Ta danna. "Akwai wanda aka yi riƙonsa a wani gida?"

Na daɗe. Wani daga baya ya ce, "Maigida ya yi barci." Na ce, "Akwai wata a wurin Inna."

"Yauwa!" in ji Oga. "Kun ga yadda tambayar ke fito da su?"

Ta ce, "Sunanta?"

A tsarin da ta yi, ba dole ba ne a tambayi suna. Ita da kanta ta gaya mana haka da safe, ta ce kada a matsa wa mutane. Sunan yana bakina. Ni na raɗa mata shi a kunne, ranar suna, kafin liman ya faɗa wa jama'a. Tun daga ranar bai sake fita ba. Mutum wajen talatin suna kallo, suna jiran abin dariya.

Na ce, "Rubuta 'yar Inna."

Aka fashe. Oga har da share hawaye. "Wallahi dattijon nan ɗan wasa ne! Haka za ku ji a ƙauye, sak!"

Ta sunkuyar da kai ta rubuta. Ta ce, "Mun gode, Malam. Allah ya raya su." Ta juya ga jama'a ta ci gaba da bayani. Na koma kujerata. Aka raba lemo da biskit, na ci nawa.

Ruwan farko ya sauka cikin satin. Ban ji daga bakinta ba, daga Oga na ji, yana faɗa wa wani cewa an yi asara, Malama ta zaɓi Abuja. Na je wurin Inna. Ta miƙo mini fura, na sha, ta karɓi ƙwaryarta. Uwar yarinyar kuwa ko sunan ba ta da bakin kira. Ta dai yi kwana biyu tana soya mata dambun nama.

Ni na kai ta tasha a babur da safe. Akwati a kan tanki, ita a baya, jakar kwamfutar a tsakani. A tasha na sauke akwatin, na tsaya sai da na ga an ɗaure shi da kyau a but ɗin motar. Na zagaya wurin direba na ce, "Ka kula da yarinyar nan, ban da gudu."

Ya ce, "'Yarka ce, Baba?"

Na ce, "Ka dai kula."

Ta leƙo ta taga. "Yaya, sai wani jiƙon."

"Allah ya kiyaye hanya."

Motar ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana, sannan na tafi ofis, don ranar akwai fita Kangire.

Yanzu ta yi nisa. An ce har ƙasashen waje ake kiranta ta yi bayani a kan yaran da ba sa shiga ƙirga. Wani yaro a ofis ya nuna mini ita a waya tana magana da Turanci a gaban manyan mutane, taswira a bayanta. Ya ce, "Dattijo, ka tuna Malamar nan? Kai ka kai ta Surko." Na ce na tuna. Tana kiran Inna duk Juma'a. In ina wurin, Inna ta ce, "Ga Yayanki." In karɓa in ce, "Ya aiki?" Ta ce, "Alhamdulillahi." In ce, "To madalla," in mayar wa Inna wayarta.

Kujerar kusa da taga an ba wani. Shi ma ba zai daɗe ba. Ni ina nan kan babur, gwiwa ta fara ciwo. Tambayarta nake yawo da ita gida-gida, tana cikin wayar da aka raba mana, ba ta barinka ka wuce sai ka cike ta. Tana aiki. Uwa ta ce biyu, in ce akwai wanda ake riƙo a wani gida, ta rufe fuska ta nuna da haɓa. In je in same shi, in sa shi a ciki. Na samo yara da yawa haka.

Kwanan baya a Surko, wani tsoho ya zaunar da ni a zaurensa. Na gama tambayoyina, har da ta riƙon, ya amsa duka ba gardama. Ina mayar da waya aljihu ya ce, "To kai fa, Malam? Kullum kana ƙirga na mutane. Kai nawa Allah ya ba ka?"

Na ce, "Shida a gida."

Ya zuba mini ido, yana jiran sauran. Na ɗauki hulata, na ce masa da sauran gidaje a gabana. Babur ɗin sai da na buga sau da yawa kafin ya tashi.